A dakin inji na baro kunnuwana

Assalamu alaikum. Ni bakanike ne, hannuna ya fi sabawa da sifana akan rubutu, dana na uku ne ya matsa min yace Baba wannan labarin da kake bamu guntu guntu idan an dauke wuta gara ka zauna ka hada shi waje daya ko wani zai amfana. To gashi na zauna. Ba zan kama sunan kowa ba, har jirgin da nayi aiki a cikinsa ba zan ce wanne ne cikin 'yan uwansa ba, wadanda muka yi zamani tare idan sun karanta zasu gane.

A kasar Yawuri aka haife ni, gidan masunta, bakin kogin Kwara. Ina dan shekara hudu aka gama dam din Kainji a 1968 ruwa ya taso ya cinye tsohon kauyenmu aka maida mu sabon matsuguni, ni ban ma rike kamannin tsohon garin ba, sai dai idan mun fita su Baba ya tsayar da kwale-kwale a tsakiyar tafki ya nuna kasa da baki yace nan karkashinmu tsamiyar kofar gidan kakanka take. Tun ina yaro abin da aka san ni dashi shine kunne. Lokacin da injin jirgi ya fara yawa a tafkin, ina zaune a gaba ina gyaran koma zan ce ga jirgin wane nan tafe tun ba'a hango shi ba, kuma sai ya zama shi din ne, wani lokaci ma ince filoginsa daya baya ci. Manya suna dariya suna cewa yaron nan ko kifi yayi tari a kasan ruwa sai ya ji. Ni kuma abin yana min dadi sosai, yaro ne talaka dan talaka, wannan kunnen shine kadai abin da nake dashi da ya fi na kowa.

A 1982 muna sauraron rediyo aka ce Najeriya ta karbi sabon babban jirgin yaki daga Jamus sunansa Aradu. Sunan ne ya fara kama ni, jirgin yaki a teku amma da sunan Hausa. Bayan nan wani dan garinmu sojan ruwa yazo hutu da fararen kaya kal, muka kewaye shi a kofar masallaci, shine yace mana ai akwai Dorina akwai Damisa, kuma ita Damisar ba babba bace amma idan ta tashi gudu babu abin da yake kamo ta a ruwa. Daren nan ban yi barci ba. Inna bata so ba ko kadan, tace ruwan da ba'a ganin gabarsa ba na mutane bane, mu namu ruwan ko ya cinye ka zai dawo da kai gaba a yi maka sutura, wancan fa? Baba ne yace a bar shi, dan masunci ai ba'a hana shi ruwa. A 1984 na shiga, bayan horon kurata aka tura ni Sapele koyon aikin inji, a 1986 aka bani jirgi a Apapa ta Legas.

Bari in tsaya in yi bayanin jiragen nan don yaran yanzu da yawa basu san mun taba mallakar irinsu ba. Su shida ne. An yi odarsu a 1977 lokacin mulkin soja na Obasanjo kudin mai na shigowa, suka iso farkon shekarun 1980 zamanin Shagari. Uku kamfanin Lürssen ne ya kera su a Bremen ta Jamus, sune Ekpe da Damisa da Agu, lambobinsu P178 da P179 da P180. Sauran ukun a Cherbourg ta Faransa aka kera su, Siri da Ayam da Ekun, P181 zuwa P183. Wanda ya zabi sunayen yayi tunani, Ekpe damisa ce da yaren Efik, Agu damisa ce da Ibo, Ekun ma haka da Yarbanci, kowa yaji sunan yarensa a jikin karfe ya san shima da shi ake. Tsawon na Jamus din mita 58 ne kawai, idan ka ajiye su kusa da Aradu mai mita 125 kamar 'ya'yanta, mutanen ciki wajen 40. Amma a gaba akwai igwa mai baki milimita 76 kirar Italiya, a baya tagwayen bindigogi masu milimita 40, sannan makamai masu linzami na harbo jirgi, na Jamus din Otomat suke dauka na Faransa kuma Exocet. Wannan Exocet din irinsa ne Ajantina ta harbi jirgin yakin Ingila Sheffield dashi a watan Mayu 1982 ya kone daga baya ya nutse, shi yasa a lokacin duk wanda yaji kana da Exocet sai ya sake kallonka. Dabarar irin jiragen nan kenan, karamin abu mai arha akan babban jirgi, ya fito da gudu ya sara ya bace kafin a juyo. Namu yana wuce kilomita 70 a awa daya akan ruwa, wanda bai taba hawa ba zai ga kamar ba wani gudu bane, to ka tambayi wanda igiyar ruwa ta daga shi sama ta maka da kasa a wannan gudun, hakora har haduwa suke, kwano baya zama akan tebur, sati na farko ni dan masunci guda amai nayi tayi kamar zan fitar da hanjina.

Abin da yake bada wannan gudun shine wajen aikina. Injin kamfanin MTU na Jamus guda hudu na dizal, kowanne silinda 16, kowanne da farfelarsa. Ranar da na fara sauka dakin injin suna kashe, wuri tsaf kamar asibiti, bututai an shafa musu fenti kala kala don ka san na mai da na ruwan teku da na ruwan sanyaya inji, kasan faranti ne na karfe mai kurji da ake dagawa a shiga karkashi. Da aka tada su hudun kuwa, wallahi ba kara bace irin wadda kunne kadai yake ji, a kirji kake jinta, ta shigo ta tafin takalmi ta hau kashin baya, idan ka bude baki kayi ihu kai kanka baka jin muryarka. Babu magana a ciki sai da hannu. Yatsa uku sama inji na uku kenan, ka murza babban yatsa da manuni mai kenan, ka fifita fuska zafi ya hau, idan aka taba kafadarka sau biyu ana nufin taso ana bukatarka. Zafi kuma ba'a magana, kayan aiki sai ka matse su kamar an tsamo daga kogi. Amma ina son wurin nan, har yau ina sonsa. Idan lokacin sallah yayi mu musulmin ciki sai dayanmu ya hau sama ya tambayi masu tuki ina alkibla, don daga ruwan Legas gabas ce da ta karkata arewa kuma jirgi juyawa yake, wani lokaci ka kabbarta kana kallon gabas ka sallame kana kallon inda ka fito, a zaune idan ruwa ya haukace.

Ogan dakin injinmu mutumin wajen Kalaba ne, dattijo mai tsanani, kuma ga Allah ga Annabi bai taba wasa da maganar abin toshe kunne ba. An bamu irin mai kofi biyu da ake dorawa a kai, idan ya kama ka babu shi ranar kai da hutu sai gobe. Laifin nawa ne ni kadai. Akwai dabarar da tsofaffin kanikawa suke yi, ka dora bakin doguwar sukundireba a jikin inji ka kafa kotar a kashin bayan kunnenka, sai kaji cikin injin kamar ka shiga ciki, kaji bawul yana rufuwa kaji nozul yana feshin mai. Ni da wannan kunnen nawa abin ya zame min kamar karatun allo. Sai in faki idon oga in dage kofin hagu in kafa sukundireba in bi silinda daya bayan daya, in dawo in nuna da hannu cewa inji na biyu silinda kaza nozul ya fara digo, a kwance a tarar haka ne, tun agogon zafin hayaki bai nuna komai ba. Suna ya fita, har daga wasu jiragen ake aiko a kira ni, ofisoshi suna cewa a kira dan arewan nan mai kunnen zomo. Minti biyar ya koma minti ashirin, ashirin ya koma rabin duti kofi yana rataye a wuya. Idan na fito sama kunnen yayi dum kamar an cusa auduga, zuwa safiya ya washe, sai ince ai ba komai ya saba.

Shekarun farko aikinmu sintiri ne, daga Legas zuwa bakin Escravos zuwa Bonny har Kalaba, korar manyan jiragen kamun kifi na waje da suke shigowa ruwanmu, tare masu fasa kwauri, rakiya, atisaye. Jiragen akwai shan mai shi yasa ba'a dadewa a waje, kwana kadan a dawo. Tun lokacin ma an fara jin jiki wajen kayan gyara, daga 1986 da aka karya darajar naira duk wani karamin abu da za'a sayo daga Jamus kudinsa ya ninka, muka koyi lallaba abu, a wanke a goge a maida. A 1988 nayi aure aka kawo min ita Legas, yarinya ce da bata taba wuce Kwantagora ba, daki daya a bariki.

Sai Laberiya. A karshen Disamba 1989 Charles Taylor ya shigo da mayakansa ta yankin Nimba daga Kwaddibuwa, kafin damina ta tsaya sun kai bakin Monrobiya, shugaba Samuel Doe ya makale a fadarsa, Prince Johnson da ya balle daga Taylor yana rike da bangaren tashar jiragen ruwa. Kasashe biyar suka hada rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, karkashin Janar Arnold Quainoo na Gana. A Firitawun babban birnin Saliyo aka taru, sojojin kasa suka shiga manyan jirage irinsu Ambe da jiragen kaya, mu kanana masu gudu aikinmu rakiya da tsare musu gefe. Ranar 24 ga Agusta 1990 aka isa tashar Freeport ta Monrobiya ana jin harbi. Ni ban ga komai ba a lokacin, ina kasa, dan dakin inji yakinsa a makance yake yinsa, abin da ka sani kawai umarnin da yake sauko maka a kara wuta ko a rage, da yadda jirgi yake kwanciya gefe idan an murda shi. Idan igwar gaba ta tashi kuwa duk jikin jirgin amsawa yake kamar kana cikin ganga ana dukanta da tabarya. A irin wannan lokacin ne nafi cire kofin kunne, don tsoro nake kar inji ya bamu kunya a inda tsayawa daidai take da mutuwa, gara in ji matsala tun tana karama.

Abin da na gani da idona a tashar ne bayan mun daura. Dubban mutane, 'yan Najeriya da 'yan Gana da 'yan Gini da su kansu 'yan kasar, sun cika ko'ina suna jiran jirgin da zai fitar dasu, yara kafafu sun kumbura da yunwa, warin wurin har yau idan na tuna sai miyau ya tsinke min. Na fito shan iska ina yiwa wani abokina magana da Hausa sai naji an riko min kafar wando. Wani tsoho ne zaune akan kwali, babu komai a gabansa sai buta ta roba da carbi, yace yaro dan wane gari ne kai? Nace Yawuri Baba. Sai ya fashe da kuka, yace shi mutumin Kano ne shekarunsa sun fi talatin a garin yana sayar da yadi, shagon an kone, matarsa 'yar kabilar Mandingo ce an tsayar dasu a shinge aka ware ta gefe, bai karasa ba nima ban tambaya ba. Na koma ciki na dauko masa biredina da gwangwanin kifi da ruwa a butarsa. Bai fara ci ba sai da yayi alwala. Yace dana kayi min magana da Hausa ko me zaka ce ka ce, wata uku ban ji ta ba. Na zauna na dinga bashi labarin su da kifin tafkinmu har aka kira ni. Washegari ban same shi a wurin ba, ina fata jirgi ya samu. Muna can aka kama Doe ranar 9 ga Satumba a cikin tashar nan, a hedikwatar ECOMOG, mutanen Prince Johnson suka tafi dashi suka kashe shi, bayan nan aka kawo Janar Joshua Dogonyaro ya karbi ragamar fada aka tura mayakan Taylor baya daga birnin.

Da muka dawo Legas ne na lura dum din nan ya daina washewa. A kunnen hagu wani kuka ya zauna kamar na gyare, dare da rana. Sannan maganar mutane ta koma kamar ana yi a bayan bango, ina jin ana magana amma kalmomin basa rabuwa, musamman muryar mata da yara. Na gane abin da yake faruwa sarai. Kuma na yanke shawarar da ita ce mafi muni a rayuwata, nace babu wanda zai sani. Tsoro nake a sauke ni daga jirgi a maida ni tudu, kudin fita teku ya yanke ga iyali ga su Inna a gida, amma idan zan fadi gaskiya tsakanina da Allah ba kudin ne babba ba, sunan ne. Mai kunnen zomo ace ya kurmance? To ni waye kenan? Sai na koyi kallon lebe, na koyi zama ta yadda kowa zai kasance a damana, idan ban ji ba in yi murmushi in gyada kai. A dakin inji kuwa babu mai ganewa tunda kowa kurma ne a can.

A gida ne abin ya fara ci. Maidakina zata yi min magana daga bayana in yi shiru, ta dauka wulakanci ne, ta dauka na samu wata a waje. Wani dare danmu na fari zazzabi ya kama shi yana ta kuka har makwabta suka buga kofa, ita ta fita neman mota ta bar shi kusa dani, ta dawo ta same ni ina barci na juya kunnen dama a filo yaron har ya shide. Tace Malam wace irin zuciya ce aka canza maka a Laberiya? Na bude baki zan fada mata, sai na hadiye, na gwammace ta dauke ni mugu akan ta dauke ni kurma. Shekara kusan uku ina wannan boyon, har aka sake tura jiragenmu can bayan harin da Taylor ya kai Monrobiya a Oktoba 1992, aka yi ta tsare bakin ruwa don hana shigar masa da makamai, naje na dawo ban fadawa kowa ba.

Akwai wani yaro da aka kawo mana, dan wajen Zariya, shekarunsa basu fi 20 ba, a hannuna aka sa shi. Yaya yake ce min. Yaro mai natsuwa, kullum yana gefena, idan aka yi sanarwa a lasifika sai in ga ya maimaita min da hannu kamar wasa, ni a zatona kwaikwayon maganar dakin inji yake. A 1993 wata rana mun dawo daga sintiri mun daura an kashe injuna, dakin yayi tsit, irin shirun da ko sifana ta fadi a daya karshen kowa zai ji. Ruwan sanyaya inji na uku yana nan da zafinsa. Yaron ya daga faranti ya shiga karkashi yana duba wani tiyo, ni kuma ina sama na juya masa baya, kunnen hagu ne a bangarensa, hannuna akan bawul. Ya ga kilif din tiyon ya saki. Ya kwala min kira Yaya kar ka bude, sau uku, wadanda suke kan tsani har sama sun ji shi. Na bude. Abin da na fara ji ba ihunsa bane, tururi ne ya bugi bayan wuyana, na juyo naga mutane suna dirowa daga tsani, na leka naga yaron yana birgima a cikin ramin, hannunsa na dama tun daga kafada har wuyan hannu da gefen kirji fatar ta tashi. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, ni nawa kunnen ne bai ji ba, jikin dan mutane ne ya biya.

An dauka tsautsayi ne, babu wanda ya tuhume ni, har wasu suna bani hakuri. Kwana biyu na kasa zuwa asibiti. Rana ta uku na daure naje da lemo da ayaba, na same shi an nade shi da bandeji yana kallon silin. Na zauna ta yadda zan ga bakinsa. Yace Yaya sau uku na kira ka. Nace na sani an fada min. Sai yace kar ka damu na san ba ji kayi ba, ai na dade da sani, tun watan da na zo na gane, shi yasa nake tsayawa kusa da kai, ranar ne kawai na manta na shiga ta hagunka. Wato yaron nan shekara guda yana rufa min asiri, yana zame min kunne ban sani ba, kuma yanzu yana kwance a kone yana dorawa kansa laifin ya shiga ta hagu. Na fita baranda na durkusa nayi kukan da ko a Monrobiya ban yi ba. Washegari da safe na shiga wajen oga na cire hula nace ranka ya dade ni bana ji, shekara uku kenan, kuma ni na kona yaron nan. Ya dade yana kallona, sannan ya mika hannu ya taba kofin kunnen da yake rataye a wuyana, bai ce komai ba.

Aka kai ni gwaji, wani dan daki kamar akwati, a sa maka abin ji a kunne a baka maballi kana dannawa idan kaji kara. Ina kallon likitan ta gilashi yana murda abu ni kuma shiru, na san ana kada wani abu da ya kamata in ji. Shi ya yi min bayanin da na so ace na ji shi tun ina shekara 22. Yace a can cikin kunne akwai wasu 'yan kananan gashi masu daukar sauti, kara mai karfi tana kwantar dasu kamar yadda iska take kwantar da gero, da farko suna tashi shine dum din da yake washewa da safe, idan aka ci gaba sai su mutu, kuma wanda ya mutu baya sake tsirowa, babu allura babu tiyata. Yace ana auna kara da abin da ake kira desibel, daga 85 idan mutum yana wuni a ciki ta fara barna, dakin inji irin namu kuwa ya haura 100 nesa. Ina rokon duk mai injin nika da mai yankan katako da mai walda da gurinda da wanda yake kwana kusa da janareta da yaran da suke toshe kunne da waka har na kusa dasu yana ji, idan ka tashi daga aiki kaji kunnenka yayi dum ko yana kuka to ba sabo bane, barnar ce ta fara. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada.

Aka maida ni wajen gyara a tudu. Daga nan ina hango jiragenmu suna raguwa a ruwa, bayan 1995 da Turai ta sawa Najeriya takunkumin makamai kayan gyara suka kara wuya, sai a kwance na wannan a daurawa wancan don ko daya ya samu fita, damisoshin da suke tsaga ruwa suka koma yawancin lokaci a daure a jeti. Ina jin ciwon abin kamar ni ne. A 1998 na ajiye aiki na kwaso iyali muka dawo gida.

Na dauka dawowa gida hutu ne, ashe nan ne ramin yake. A majalisa mutum biyar suna magana lokaci daya bana kama ko daya, a yi dariya in bi su da ido. Hudubar Juma'a sai dai in ga bakin liman yana motsi. A gaishe ni daga baya in wuce, gari ya dauka wai sojan ruwa ya dawo da girman kai, wadanda suka gane kuma sai su dinga daga min murya a kasuwa kamar ana kiran saniya, yara suna bina da kurma kurma. Sai na daina fita. Kusan shekara biyu daga daki sai masallacin kofar gida, ga mafarkin tashar Monrobiya ga hannun yaron nan, ga gyaren da baya shiru. Maidakina da ta riga ta san gaskiya tun ranar da na fadawa oga, ranar da na fada mata tace Malam da ka gaya min ai da na zama kunnenka tun tuni maimakon in yi ta zarginka ina daukar alhaki, ita ce ta rike gidan, ta sayar da kwallayenta na aure ta fara tuyar kosai, bata taba min gori ba ko da ido.

Baba ne ya fitar dani. Ya tsufa sosai lokacin, ya shigo dakina da sandarsa ya kama hannuna kamar karamin yaro yace tashi ka raka ni ruwa. Muka shiga jirgin kanena mai injin Yamaha, muna tsakiyar tafki injin ya fara shakewa yana neman mutuwa, kanena yana ta ja yana tsaki. Ban san lokacin da na matsa na dora tafin hannuna akan murfin ba. Sai naji shi, a hannu, daya yana bugawa daya yana tsallake, sak yadda nake ji da sukundireba a da. Nace kashe, bani abin kwance filogi. Minti goma muka tashi. Baba yana gaban jirgi ya juyo saitin fuskata don in ga bakinsa yace wanda ya karbi kunnen ai ya bar maka hannun. Har yau ina zargin shi ya sa kanena ya saka tsohon filogi, ya rasu ban tambaye shi ba.

Satin nan na kafa rumfa a bakin ruwa da akwatin kayan aikina na soja. Yau shekara ashirin da wani abu ina gyaran injin jirgi da na ban ruwa da janareta, yaran da suka koya a hannuna sun bude nasu a garuruwan bakin tafki, kuma duk wanda zai tada inji a rumfata sai ya toshe kunne, wanda ya ki ya koma gidan ubansa, akan wannan bana sassauci. Daga baya 'ya'yana suka kai ni cibiyar kula da kunne ta kasa da take Kaduna aka sa min na'urar ji a dama, hagun ya riga ya tafi. Ranar da aka kunna ta abin da na fara ji takun takalmin 'yata ne akan siminti, na manta ma tafiya tana da sauti.

Yaron nan ya warke ya ci gaba da aiki har ya kai mukamin da ni ban kai ba, yanzu shima ya yi ritaya yana da jikoki. Shekarun baya yazo har Yawuri da babbar sallah, ya nade hannun riga zai yi alwala naga tabon, fatar tayi sheki ta tattare tun daga kafada, na kawar da kai, ya kamo fuskata ya juyo da ita yace Yaya na yafe tun a gadon asibiti kai ne baka ji ba. Muka kwana muna lissafa jiragen da mutanen cikinsu, wane ya rasu wane yana Fatakwal wane ya makance, da hannu muke yawancin hirar irin ta dakin inji, jikokina suna leke suna mamaki.

Da dare idan na cire na'urar na ajiye a gwangwaninta duniya tana daukewa gaba daya, sai gyaren nan na hagu, wani lokaci idan na lumshe ido sai ya koma min kamar inji na uku yana tafiya daidai babu digo. Kiran assalatu kuwa rabona da jinsa daga kan gado tun kafin a haifi autana. Maidakina ce take tashina, na koya mata tun muna Legas, kafada take taba min sau biyu.